Daga ƙwarya zuwa kwano: tarihin jeren ɗakin mata a kudancin Nijar da batun tattali

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa cikin shekarun 1980 ya san ɗakin da muke nufi. Da ka ɗaga labule, abin da ido zai fara cin karo da shi bango ne guda cike da kwanuka, an ɗora ƙarami bisa babba, layi-layi, tun daga ƙasa har kusa da rufi, kowane da furanninsa ja da kore da shuɗi. Ba a cin tuwo cikinsu, ba a ba yaro su ya kai miya maƙwabta. Sau ɗaya ko biyu a shekara, galibi gab da salla, ake sauke su a wanke a goge a mayar. Wannan shi ne jere.

Game da jere, hukunci biyu aka saba ji. Na farko na maza ne: magidanta da ma'aikatan gwamnati da masu wa'azi, waɗanda ke ganin tara kwanukan da ba a ci ciki almubazzaranci ne da gasa tsakanin mata. Na biyu na baƙi ne da ƴan boko, waɗanda ke kallonsa a matsayin adon gargajiya, abin ɗauka hoto. Cikin wannan ƙasida muna son mu nuna cewa hukuncin biyu sun bar babban abu a baya. Tsawon kusan rabin ƙarni jere ya kasance asusun mace, wato ma'ajin dukiyar da take da cikakken iko a kanta, kuma sai lokacin da kayan jere suka daina riƙe darajarsu zancen ɓarna ya fara samun gindin zama.

Matan da suka yi jere ba su bar mana rubutu ba, takardun duwan kuwa nauyin kaya suke ƙidayawa, ba su shiga ɗaki. Saboda haka za mu dogara ga shaida iri biyu: ayyukan masana tarihi da zamantakewa waɗanda suka yi bincike a wannan yanki, da kuma kalmomin kansu, domin kalmar aro takan zo da alamar hanyar da ta biyo.

1. Zamanin ƙwarya

Kafin zuwan kwano, ƙwarya ce ke riƙe da ɗakin amarya. Yawan sunayen dangin duma ya isa shaida: masaki, da ƙwarya, da ƙoƙo, da ludayi, da gora, da zunguru na ƙunshi. Tare da su akwai akushi na itace domin tuwon maigida, da faifai na rufi, da adudu na adana tufafi, da lefe, wanda asalinsa kwando ne na kaba. Ana yi ma ƙorai zane da wuƙa ko da ƙarfe mai zafi, a shafe su da farar ƙasa, a ɗora su bisa juna ko a rataye su cikin ragaya. Ke nan al'adar jere ta girmi kwano. Kwano ya tarar da gurbi ne ya shiga.

Abu biyu ya kamata a riƙe game da wannan zamani. Na farko, yawancin kayan daga gona da hannun masu sana'ar gari suke fitowa, ana iya samunsu da kuɗi kaɗan ko ta hanyar musaya. Na biyu, kaya ne da ake gyarawa. Harshe ya keɓe suna ga mai ɗinke fasasshiyar ƙwarya, wato gyartai, kuma sana'a ba ta samun suna nata na kanta sai in aikin ya yawaita. Gidajen sarauta da na attajirai ne kawai ke ƙara tasoshin tagulla bisa ƙorai, irin waɗanda maƙeran Bida a ƙasar Nufe suka shahara da ƙerawa.

Barbara Cooper, cikin binciken da ta wallafa a 1995 da 1997 game da aure a Maraɗi, ta nuna dalilin da ya sa nuna kayan amarya a fili ya ƙara ƙarfi a farkon ƙarni na 20. Bayan dokar Faransa ta 1905 wadda ta hana cinikin bayi, manyan gidaje sun rasa masu daka da ɗaukar ruwa, sai aka riƙa cike gurbin da wasu aurarraki marasa cikakken biki, inda matsayin yarinya bai yi nisa da na baiwa ba. Amsar da mata suka bayar ita ce su yi ma ɗiyansu biki a bainar jama'a, a ɗauki kaya bisa kai a ratsa gari, kowa ya gani. Kayan ɗaki sun zama shaidar cewa wannan amarya ƴa ce, tana da dangi a bayanta. Duk wanda ke son ya fahimci abin da ya sa uwa ke takura ma kanta domin jeren ɗiyarta, daga nan ya kamata ya fara.

2. Hanyoyin da kalmomi suka biyo

Mu ɗauki kalmomi biyu, «tasa» da «kwano». Ɗalibanmu sukan ɗauka «tasa» daga Faransanci «tasse» ta fito. Ba haka ba ne. Kalmar daga Larabci «ṭāsa» take, kuma Faransanci ma daga can ya aro tasa kalmar. Dangantakarsu ta ƴan uwa ce. «Tasa» tana cikin rukunin tsofaffin kalmomin da suka shigo Hausa ta arewa, tare da addini da fataucin Sahara, shi ya sa ake jinta a Kano da Zariya inda Faransanci bai taɓa mulki ba.

«Kwano» kuwa daga kudu ta hau. Asalinta kalmar Ingilishi ce, «pan», wadda Yarbanci ya mayar «páànù». Harafin «p» a rubutun Yarbanci sautin [kp] yake wakilta, wanda ake furtawa da leɓɓa da hanɗa lokaci guda. Hausa ba ta da wannan sauti, sai ta maye gurbinsa da [kw], wanda ya fi kusa da shi. Wannan ƙa'ida ce ta ba mu «akwati» daga «àpótí», da «kwali» daga «páálí». Ma'ana ma ta ƙara tabbatar da haka: a harsunan biyu kalmar tana nufin mazubi na ƙarfe, tana kuma nufin ƙarfen rufin ɗaki. Da kai tsaye Hausa ta aro daga bakin Ingilishi, da [f] za mu ji a farkon kalmar, kamar yadda «plate» ta zama «faranti». Ke nan kwano ya ratsa hannun ƴan kasuwar Yarbawa da bakinsu kafin ya iso gare mu, tare da «ashana» da «agogo». Abin lura, kalmar «asusu» ita ma ta wannan hanya ta zo, daga «èsúsú».

Bayan haka sai jerin kalmomin da suka shigo daga Ingilishin Najeriya: kofi, da silba, da roba, da kula, da kabad. A tsakiya kuma akwai sunayen da mata suka bambanta girma da siffa da su: langa, da kumbo, da fanteka, da daro, da kwalla, da samira mai marfi da hannuwa. Namiji duk «kwano» yake ce masu. Mace ba ta haɗa langa da samira, kamar yadda makiyayi ba ya haɗa karsana da saniya.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne ƙarancin Faransanci cikin wannan rukuni. Claude Gouffé ya yi nazarin kalmomin da Hausar Nijar ta aro daga Faransanci tun 1971, kuma kowa ya san inda suka fi taruwa: mulki da makaranta da soja da mota, kamar kumandan, da lanho, da duwan, da lekol, da mushe. Faransa ta mulki wannan ƙasa shekaru kusan 60, amma harshenta ya tsaya bakin ƙofar ɗakin amarya. Fitacciyar kalmar da ta kutsa cikin hidimar aure ita ce «valise», wadda ƴan birni ke faɗi a madadin lefe, ita ma kayan da ango ke kawowa take nufi. Ɗakin mace a Maraɗi da Damagaram, ta fuskar kalmomi, Kano yake kallo.

3. Gujiya, kanti da masana'anta

Tarihin tattalin arziki ya gaskata abin da kalmomi suka nuna. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Daga Maraɗi zuwa Kano ta Jibiya da Katsina, ko daga Damagaram ta Matamai da Daura, tafiyar kilomita 250 ce ko kusa da haka, alhali tashar ruwan Kwatano tana can nesa fiye da kilomita 1000. Gujiyar Nijar, wadda ake ce ma gyaɗa a Kano, ta wannan layi ta riƙa fita zuwa teku, har zuwa 1953 da Faransa ta fara karkatar da wani sashe ta Dahome. Motar da ta sauke gujiya ba ta komowa fanko: da atamfa, da ashana, da kananzir, da kwanuka take dawowa.

Kuɗin gujiya ne suka shigar da kwano ɗakunan talakawa. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suna sayen gujiya lokacin kaka, suna kuma sayar da haja a kantunansu, ta yadda kuɗin da manomi ya karɓa da safe kan koma inda suka fito kafin yamma. Emmanuel Grégoire ya nuna cikin littafinsa na 1986 yadda alhazan Maraɗi suka fara a matsayin masu saye ma waɗannan kamfanoni kafin su tsaya da ƙafafunsu. A daidai wannan lokaci ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin gulbi, aka tayar da sabon gari bisa tudu, da tituna miƙaƙƙu da ɗakuna masu kusurwa huɗu. Bango miƙaƙƙe ya fi karɓar jere mai hawa-hawa bisa ga bangon ɗakin kewaye.

Kwanon da muke magana a kai farantin ƙarfe ne da ake matsawa cikin inji ya ɗauki siffa, a shafe shi da garin gilashi mai launi, a gasa cikin wuta mai zafin da ya kai digiri 800 ko kusa da haka, sai gilashin ya narke ya manne. Shi ya sa yake sheƙi, ba ya tsatsa muddin fentin bai ɓantare ba, kuma launinsa ba ya koɗewa ko an shekara 40. Da farko daga Turai ake kawo shi, musamman Cekosulobakiya, daga baya Japan da Hong Kong suka karɓe kasuwa. A ƙarshen shekarun 1950 Najeriya ta ƙara kuɗin fito bisa kwanukan waje, sai masu masana'antu na Hong Kong suka kwaso injinansu suka zo da kansu. An kafa kamfanin Nigerian Enamelware a Legas cikin 1960, wasu masana'antun kuma suka biyo baya a Kano. Tun daga nan kwano ya zama kayan maƙwabta, mai araha, mai sabon zane kusan kowace shekara. Shekarun 1960 zuwa tsakiyar 1980 su ne ganiyar jeren kwano.

Gwangwani ƙanen kwano ne cikin wannan tarihi. Na madara da na tumatir sun zama ma'auni a kasuwa, ko fitilar aci-balbal a hannun maƙera. Masu marfi da zane kuwa, na hoda da alewa da shayi, ba a yar da su: ciki ake adana turare, da kwalli, da allura, da ƴan kuɗin da ba a son maigida ya gani, kuma wadda ba ta da ƙarfin cika bango da kwano takan ƙawata gefen jerenta da su. Maza ma ba su tsira ba, domin magina sun riƙa manna faranti a tsakiyar rufin zaure da soro.

4. Jere a matsayin asusu

Me ya sa muke kiran jere asusu? Dalili na farko na shari'a ne. A mazhabar Malikiyya dukiyar mace daban take da ta mijinta, kuma malaman mazhabar sun ɗora ma amarya yin kayan ɗaki gwargwadon al'ada da sadakin da ta karɓa. Gida na miji ne, rumbu na miji ne, amma abin da ke cikin ɗaki nata ne. In aure ya mutu, da kayanta take fita. A yankin da saki ya yawaita, wannan ba ƙaramin abu ba ne: zawarar da ta fito da jerenta ta fito da jari.

Dalili na biyu yana ga siffar kayan. Kwano ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa, ana iya sayar da guda a bar saura, kuma kowace dillaliya ta san kuɗinsa. Gaskiya ne akuya ta fi shi, tun da tana haihuwa, shi kuwa in an tashi sayarwa sai an yi asarar wani abu bisa kuɗin saye. Sai dai akuya tana mutuwa a fari, tana bukatar mai kiwo, kuma da an yi baƙo ko suna ido na kanta. Kwano yana da katangar da akuya ba ta da ita, wato kunya: namijin da ya taɓa jeren matarsa ya sayar ya zama abin faɗi a gari. Ga macen da ke cikin kulle, dukiya ce da take gani daga bakin gadonta.

Dalili na uku shi ne rashin amincin kuɗin takarda da banki. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Buhari ta canza takardun naira tare da rufe iyakoki, mutane da yawa a wannan gefe suka wayi gari da takardun da ba su sayen komi. Iyakar ba ta buɗe ba sai 1986, kuma yunwar da ta zo cikin wannan tsakani har sunan El Buhari aka sa mata. A 1990 bankin BDRN ya durƙushe. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, tamma 100 ta koma daidai da faran ɗaya na Faransa a maimakon tamma 50. Wadda ta ɓoye jika goma cikin gwangwani ta yi asarar rabin ƙarfinsu wajen sayen kayan waje. Wadda ta mai da su kwano tun da wuri, kwanonta na nan yadda yake. A shekarun yunwa kuwa, 1973 zuwa 1974, da 1984 zuwa 1985, da 2005, sayar da kayan ɗaki yana cikin matakan da gidaje suka bi kafin a kai ga sayar da gona ko barin gari. A nan harshe ya sake ba mu wata shaida: tiya, ma'aunin hatsi a kasuwanninmu, wadda ke ɗaukar kilo biyu da rabi ko kusa da haka, 40 su cika buhu, ita kanta kwano ce. Mazubin da ke ado a bango shi ne ke auna abinci a kasuwa, kuma a mugunyar shekara na bangon ne ke sauka domin a cika na kasuwar.

Ta ina kuɗin jere ke fitowa? Daga sana'ar cikin gida, kamar ƙuli-ƙuli da fura da tuwon sayarwa, daga adashi, da kuma gudummawar biki, wadda Guy Nicolas ya yi ma dogon nazari a Maraɗi cikin littafinsa na 1986: abin da kika kai ma ƙawa ranar bikinta bashi ne da za ta mayar da ƙari ranar naki. Akwai kuma talla. Enid Schildkrout ta nuna a Kano cikin shekarun 1970 cewa ribar tallan yarinya kayan ɗakinta ake tara mata da ita. A nan ne asusun ke da tsada wadda ba a rubuta bisa kwano ba, domin yarinyar da ke yawo da faranti bisa kai ba ta cikin aji. Duk mai kare jere wajibi ne ya sa wannan cikin lissafi.

5. Masu suka

Sukar hidimar aure ta fito daga wurare biyu. Ta farko daga gwamnati: a zamanin Seyni Kunce, 1974 zuwa 1987, hukuma ta yi ƙoƙarin sanya iyaka ga sadaki da kashe-kashen biki, kuma Ƙungiyar Matan Nijar, AFN, wadda aka kafa a 1975, ta shiga wannan kira. Ta biyu daga masu wa'azi, musamman ƴan Izala, ƙungiyar da aka kafa a Jos cikin 1978 wadda ra'ayinta ya bazu a Maraɗi cikin shekarun 1980. Hujjarsu a fili take: tsadar aure na hana samari yinsa, tana jefa iyaye cikin bashi, kuma addini ya hana almubazzaranci.

Adeline Masquelier, wadda ta yi bincike a Dogon Dutsi, ta nuna cikin littafinta na 2009 cewa mata da yawa sun karɓi sauran kiran gyara, amma da aka zo kan gado da kayan ɗaki sai suka ƙi. A ganinmu dalilin ƙin yana cikin abin da muka bayyana a sama. Rage sadaki da rage kayan ɗaki duka sauƙi ne ga namiji. Ga mace kuwa ragi ne daga dukiyar da za ta mallaka. Masu sukar sun ga kuɗin da ke fita daga aljihu, ba su tambayi hannun da kayan ke komawa ba. Haka kuma ba su bambanta abin da ake cinyewa ranar biki, kamar abinci da kuɗin maroƙa da anko, da abin da zai zauna a ɗaki shekara 30 ba. Hausa kuwa ta bambanta: akwai rowa, akwai tanadi, akwai tattali, akwai almubazzaranci. Tattali shi ne kula da abu domin ya daɗe yana amfani, kuma daga wannan kalma ta cikin gida aka gina «tattalin arziki» da muke fassara «économie» da ita.

6. Faɗuwar kwano

Abin da doka da wa'azi suka kasa, yayi ya yi shi. Bayan 1986 darajar naira ta yi ta faɗuwa, kayan Najeriya suka cika kasuwannin Maraɗi da Ƙonni da Damagaram da araha, kwano ya zama abin da kowa ke iya tarawa. Abin da kowa ke da shi ba ya bambanta kowa, sai masu hali suka matsa gaba: silba, sannan tangaran da gilashi cikin kabad mai madubi, sannan kuloli saiti-saiti, da gadon formika a madadin gadon ƙarfe mai rumfa. Editha Platte ta bayyana irin wannan canji a ɗakunan matan Barebari na Borno cikin wata maƙala ta 2004, abin da ke nuna cewa al'amarin ya game yankin baki ɗaya. Daga shekarun 2000 kayan Sin suka ƙara saurin juyawar yayi.

A nan ne ma'anar jere ta sauya. Tangaran na fashewa kuma babu gyartai da zai ɗinke shi. Roba na ƙonewa a rana. Saiti in ya rasa guda ya rasa kuɗinsa, ba a kuma iya ɓallar ɗaya a kai kasuwa. Gadon katakon da aka matse daga gari ba ya jure ƙaura biyu. Mafi muhimmanci, abin da yayinsa ke wucewa cikin shekara uku ba ya zama gado daga uwa zuwa ɗiya. Kowane aure sai an sayi sabo tun daga farko. Siffar al'adar tana nan, uwa na tarawa, ana ɗauka a kai, ƴan uwa mata na zuwa yin jere, amma abin da ke ciki ya tashi daga ajiya ya koma kashewa. Karin maganar da ke cewa ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe, ta fi dacewa da wannan zamani bisa ga zamanin da aka yi ta.

Ba mamaki ba ne a ce a daidai wannan lokaci wata hanyar ajiya ta samu karɓuwa. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi: mata su haɗu, kowa ta zuba abin da aka yanke kowane mako cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a ba da rance, a raba a ƙarshen zagaye. Tsarin ya bazu har ƙasashe da dama. Matan da suka karɓe shi ba a ranar suka koyi tanadi ba. Ɗiyan masu jere ne da masu adashi.

7. Dawowar tsohon yayi

Cikin ƴan shekarun nan kwano ya sake fitowa ta wata ƙofa. A bukukuwan birane, a nan da Najeriya, ana keɓe rana guda da ake kira ta ƙauyawa: amarya da ƙawayenta su yi ɗaurin ƙirji da saƙi ko tsohuwar atamfa, su sa murjani, a shimfiɗa tabarmi, a jera ƙorai da faifai da samira, a ɗauki hoto. Sau da yawa kayan aro ne ko haya, gobe a mayar.

Ga mai nazarin harshe, sunan kansa abin dubawa ne. Kwano da atamfa, waɗanda a shekarun 1950 su ne alamar birni da kuɗin gujiya, yau su ke wakiltar ƙauye. An haɗa ƙwarya da samira cikin zamani guda da ake ce ma «da», alhali ɗayar ce ta kori ɗayar. Haka kuma kalmomi biyu na takara: «tsohon yayi», wadda reni ce, da «na da», wadda yabo ce, kamar a ce «kwanon da», ana nufin mai nauyi, mai ƙarko. Mai sayen kwanon da a yau ƙarkon yake yabo, wato ainihin siffar da ta mai da shi asusu. Ranar ƙauyawa ta dawo da kamannin jere, amma a matsayin ƙarin hidima bisa hidimomin biki, kuɗin da ke tafiya cikin yini guda.

Kammalawa

Mun bi jere daga ƙwarya zuwa tasa, daga tasa zuwa kwano, daga kwano zuwa kula, mun ga cewa kowace kalma tana nuna hanyar kasuwancin da ta kawo ta: Sahara, da layin dogo na Legas zuwa Kano, da masana'antun Najeriya. Mun kuma ga cewa tambayar ko tara kayan ado ɓarna ne ba ta da amsa guda ga kowane zamani. Amsar tana ga tambayoyi uku: wa ya mallaki abin, shekara nawa zai yi, kuma nawa zai bayar ranar da aka matsu. Kwanon 1965 ya amsa su da kyau, saitin tangaran na bayansa bai amsa ba. Duk wani shiri na rage tsadar aure da bai tanadar ma amarya wata dukiya ta kanta a madadin kayan ɗaki ba, zai gamu da irin ƙin da shirye-shiryen baya suka gamu da shi.

Akwai aiki na gaggawa da ya rataya ga sashenmu. Kowane zanen kwano da na atamfa yana da sunan da mata suka laƙaba masa, kuma sunayen sukan bambanta tsakanin Katsinanci na Maraɗi, da Damagaranci, da Adaranci, da Arewanci. Ƙamusoshinmu sun ɗauki manyan sunaye kamar langa da fanteka, sauran suna bakin tsofaffin dillalai da kakanni waɗanda shekarunsu suka haura 70. Muna ba ɗalibanmu masu neman batun kundi shawara su ɗauki gari guda, su zauna da waɗannan mata, su rubuta sunan kowane kwano tare da karin sautinsa, da shekarar da ya shigo, da kuɗin da aka saye shi, da abin da ya sa aka sayar da shi in an sayar.